Ba Da Bindiga Ya Zo Zance Ba

A wannan fitowar zan roƙi arziki ku bar ni in jingine maganar kwalliya da girki, saboda wata wasiƙa da wata ɗaliba ta aiko mini, wadda tun da na karanta ta barci ya ƙaurace wa idona. Tambaya ɗaya ta yi: "Anti, wai su mutanen nan masu kashe bayin Allah da sunan jihadi, mahaukata ne ko kuwa asiri ake yi musu?"

Ƙanwata, da ma a ce mahaukata ne da abin ya zo da sauƙi, don mahaukaci tun daga nesa ake gane shi a kauce masa. Ni da nake ba ki labari na san wadda ta shiga cikinsu da ƙafarta, ta yi shekara 4 a daji, kuma kwano ɗaya muka ci tuwo da ita, tabarma ɗaya muka kwana. 'Yar gwaggona ce a Maiduguri. Ba zan faɗi sunanta ba don rufin asiri, amma a gida Auta muke ce mata, kuma da izininta nake wannan rubutu.

SAURAYI MAI KASET

A shekarar 2007 Auta tana aji 5 a sakandare, yarinya doguwa mai fara'a, ga kai kamar me, ba ta taɓa wuce ta uku a ajinsu ba. Burinta ta zama malamar asibiti. Sai dai gida babu. Babansu ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya ƙare rayuwarsa yana zaryar neman kuɗin fansho har Allah Ya karɓi abinsa. Yayanta mai difloma acaba yake yi. Samarin da ke zuwa wurinta kuwa, ke dai bari, irin masu tsayawa a mota su yi hon ne, waɗanda da kin ga idonsu kin san ba aure ya kawo su ba.

Ana cikin haka sai ga wani yaro mai sayar da turare a kasuwa. In ya zo zance a soro yake tsayawa, can nesa, kansa a ƙasa. Ba ya maganar banza, ba ya wuce sallar isha'i. Maimakon kuɗin zance, kaset ɗin wa'azi yake kawo mata. Gwaggo har da guɗa, tana cewa Allah Ya dube mu Ya kawo mana na gari. To wace uwa ce ba za ta yi murna ba? Babu wanda ya tsaya ya saurari abin da ke cikin kaset ɗin nan.

Wa'azin Muhammad Yusuf ne, wanda ya kafa cibiyarsa mai suna Markaz Ibn Taimiyya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Maiduguri. Mutum ne mai baki, ya iya Hausa ya iya Barbarci, kuma ya san inda yake yi wa talaka ƙaiƙayi. Zai lissafo satar masu mulki, da cin hanci, da yadda ake wulaƙanta marar gata, abubuwan da kowa ya san gaskiya ne. In ya ga zuciya ta ɗauki zafi, sai ya ɗora da cewa duk wannan ɓarna tushenta tsarin da Turawa suka bari ne, don haka karatun boko da aikin gwamnati haramun ne. Kun ga guba a cikin zuma ke nan.

Da na je hutu a 2008 na tarar da wata Auta daban. Ran nan muna tsince shinkafa ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ke yanzu har cikin ranki kin yarda duniya kamar ƙwallo take?"

Na fashe da dariya. Na ce, "Auta, ke da kike cin na ɗaya a labarin ƙasa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba ya bauta wa boko shekara 35, me ya tsinana masa? Ko likkafaninsa sai da aka yi karo-karo."

Na rasa amsa, sai na ci gaba da tsokanarta, ina ce mata ustaziya. Wallahi har gobe ina cizon yatsa a kan dariyar nan. Yarinya ta zo mini da ciwon da ke cin ranta, ni kuma na mai da ita abin wasa, alhali can akwai masu sauraronta da kunnen basira. Kafin in koma Kano ta yayyaga takardar shaidarta ta ƙaramar sakandare a gaban Gwaggo, kamar yadda mabiya da yawa suka riƙa yi a lokacin. A ƙarshen shekarar aka ɗaura aure. Babu lefe, babu gara, babu rigimar kayan ɗaki, sadakin kuma a hannunta aka damƙa mata. 'Yan'uwansa na Markaz suka ƙara masa jari.

SHEKARAR DA KOMAI YA RUSHE

A watan Yunin 2009 jami'an tsaro suka harbi wasu mabiyan Yusuf a kan hanyarsu ta zuwa jana'iza, a kan rigimar hular kwano ta masu babur. Ranar 26 ga Yuli faɗa ya ɓarke a Bauchi, ya bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil. Cikin 'yan kwanaki aka kashe sama da mutum 700, aka rushe Markaz, shi kuma Yusuf aka kashe shi yana tsare a hannun 'yan sanda ranar 30 ga wata, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Hotunan kisan da aka yi wa mutane a bakin titi suka riƙa yawo a wayoyi.

Mijin Auta ya fita da safe bai dawo ba. Babu gawa, babu kabari, ga ta da cikin wata 6. Ta dawo gida, maƙwabta suka ɗauke mata ƙafa, yara na nuna ta da baki. Mu dangi ma, gaskiya ɗaya ce, tsoro ya sa muka ja jiki. Kun san su wa suka riƙa zuwa mata da kwanon shinkafa da sabulu a ɓoye cikin hijabi? Matan 'yan ƙungiyar. Su suka yi mata wankan jego. Da Abubakar Shekau ya sake haɗa kan mabiya daga 2010, ba sai an yi mata dogon wa'azi ba. A 2012 ta auri wani daga cikinsu, kuma da 'yan kato da gora suka fatattake su daga cikin gari a 2013, ta goya ɗanta ta bi miji daji.

ME KE JAN SU?

Na daɗe ina zaton labarin Auta nata ne ita kaɗai, sai da na ga binciken da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017. Sun zauna da mutum 495 da suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da kansu, har da 'yan Boko Haram da 'yan Al-Shabab na Somaliya. Kashi 71 cikin 100 suka ce abin da ya tura su a ƙarshe wani abu ne da hukuma ta yi, kamar kashe musu ɗan'uwa ko aboki, ko kama shi. Ashe ramuwar gayya ce take sa rawanin addini. Wanda aka zalunta bai samu inda zai kai kuka ba, duk wanda ya miƙo masa sanda sai ya ga masoyi ne.

Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Kusan rabinsu sun ce addini ne ya kai su, amma kashi 57 cikin 100 sun amsa da bakinsu cewa ba su fahimci littattafan addinin ba, ko kuma kaɗan suka fahimta. Har ma binciken ya nuna wanda ya yi shekara 6 ko fiye yana karatun addini ya fi wuyar ruɗuwa. Kun ji fa. Ƙishin addini ba tare da ilimi ba, shi ne yake sa mutum ya sha ruwan kwata yana zaton zamzam ne. Auta ta iya karatun Alƙur'ani da daɗin murya, amma ba ta taɓa zama gaban malami ta ɗauki ko Ahalari da fassara ba.

Akwai kuma maganar ciki. Da hukumar ta sake wani binciken a 2023 a ƙasashe 8, kashi ɗaya cikin huɗu suka ce neman abin yi ne babban dalilinsu. Wata ƙungiyar agaji mai suna Mercy Corps ta tattauna da tsofaffin 'yan Boko Haram 47 a 2016, inda ta gano yadda ake ba ƙananan 'yan kasuwa rancen jari, in mutum ya kasa biya sai a ce to ya shigo a yi da shi. Ku haɗa da tsadar aure. Saurayi ya kai shekara 30 ba shi da halin akwati ko ɗaya, sai ga masu cewa zo mu aurar da kai gobe. Wannan kam laifinmu ne mu mata da iyayenmu, da muka mai da aure gasar akwatuna.

Mu mata kuwa, an fi samun cewa miji ko dangi muke bi. Wasu da suka fito daga daji sun faɗa wa masu bincike cewa a can ne aka fara ba su sadakinsu a hannu, aka hutar da su noma da ɗiban itace, aka zaunar da su ana koya musu karatu. Yarinyar da a gidansu ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba, yau ga ta matar Amir ana rusuna mata. Kada ku raina wannan. Mutum yana iya jure yunwa, amma wulaƙanci yana da wuyar haɗiya.

Kada kuma mu manta da dubban da ba su zaɓa ba. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a watan Afrilun 2014, da na Dapchi 110 a watan Fabrairun 2018, da wasu bila'adadin da ba a san sunansu ba, da bakin bindiga aka tafi da su. Waɗannan addu'a da tausayi suke buƙata a wurinmu, ba gori ba.

AƘIDAR KAFIRTA MUSULMI

To amma yaya mai salla yake kaiwa ga tayar da bam a masallaci, kamar yadda aka yi a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014, inda sama da mutum 100 suka rasu? Hawa-hawa ake yi, kamar tsani. Da farko a ce miki gwamnati ɗagutu ce. Sai a ce duk mai yi mata aiki kafiri ne. Sai a ce wanda bai kafirta shi ba shi ma kafiri ne. Kafin ki farga, duniya ta rabu biyu, ku 'yan kaɗan ne kawai Musulmi, uwarki da ta haife ki tana ɗaya ɓangaren. Da an kai nan, jinin kowa ya halatta.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Malamai suna kiran masu shi Khawarijawa, kuma tun zamanin Sayyidina Ali suka ɓulla. Mutane ne masu yawan salla da azumi da tilawa. Tarihi ya kawo cewa ɗayansu ya tsinci dabino guda ya jefa a baki, sauran suka yi masa ca don ba a biya mai shi ba, amma su ɗin ne suka yanka Abdullahi ɗan sahabi Khabbab ba tare da ko ɗar ba. Ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, shi ya sari Sayyidina Ali a Kufa a watan azumi na shekara ta 40 bayan hijira, yana ganin lada yake nema. Iyayenmu a Kano ma ba su manta da Maitatsine ba, wanda ya tara gardawa a 'Yan Awaki yana tsine wa duk wanda ba nasa ba, har aka rasa sama da rai 4,000 a watan Disamban 1980.

Malamanmu ba su yi shiru ba. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta jan kunne a kan wannan tafiya kafin a harbe shi yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a 2007. Sheikh Albani Zariya ya yi musu raddi a fili, aka kashe shi a 2014. Ku buɗe Suratun Nisa'i ku tambayi malamanku ma'anar aya ta 29 da ta hana mutum kashe kansa, da aya ta 93 a kan makomar wanda ya kashe mumini da gangan, da aya ta 32 a Suratul Ma'ida da ta daidaita kashe rai guda ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Amma da yake an riga an gaya wa mabiyi cewa duk malamin da ba nasu ba malamin gwamnati ne, kunnensa ya toshe.

Ƙarshen tsanin shi ne alkawarin Aljanna ta gajeriyar hanya. A watan Disamban 2014, bayan harin Kantin Kwari, an kama wata yarinya 'yar shekara 13 da jigidar bam a jikinta. Ta shaida wa 'yan jarida cewa mahaifinta ne ya kai ta wurinsu, aka tambaye ta ko tana son shiga Aljanna, da ta ƙi yarda da abin da suke so aka yi mata barazanar kisa. Shekara 13 fa, sa'ar wasunku.

DAWOWAR AUTA

A 2017 aka yi mana waya cewa an ga Auta a wani sansanin 'yan gudun hijira. Na je na same ta ta rame ta yi baƙi, kamar ba ita ba. Mun fi wata guda kafin ta iya buɗe baki. Wani dare na ce, "Auta, me ya fito da ke?"

Ta ce, "Yaya, abu biyu ne. Akwai wata da muke girki tare, mijinta ya mutu, ba a yi kwana arba'in ba aka ce an zaɓe ta za ta tafi Aljanna. Tana kuka aka ɗaura mata. Sai na tsaya na yi tunani, duk zamana a wurin ban taɓa ganin an zaɓi 'yar wani babba ba. In Aljannar ce da gaske, me ya sa ba sa fara tura nasu? Na biyu, ran nan ɗana ya shigo, bai fi shekara 7 ba, ya ce mini Umma, in na girma ni zan yanka Kaka tunda kafira ce. Gwaggo fa yake nufi, Yaya, wadda bai taɓa ganin ta sha ruwa ba ta yi bismilla ba."

A daren da ta samu sarari ta kama hannunsa suka shiga jeji, kwana uku suna tafiya. Ta ce adalcin da ta je nema ba ta gan shi ba, sai bulala da yunwa da kashe juna. Ai kuwa duniya ta shaida, ƙungiyar ta dare biyu a 2016, kuma a rikicinsu na cikin gida Shekau ya mutu a dajin Sambisa a 2021. Gwaggo ba ta ga dawowarta ba, ta rasu a 2015 da sunan Auta a bakinta. Yanzu Auta tana ɗinkin hula, ta koma makarantar manya ta yamma, ɗan kuma yana sakandare. Har yau akwai matan da ba sa zama kusa da ita a gidan biki.

SHAWARATA GARE KU

Ƙannena, ba cewa na yi ku guji saurayi mai addini ba, Allah Ya kiyaye, shi ne ma abin nema. Amma a yau ba kaset ake kawowa ba, ta waya ake shigowa, ta WhatsApp da Facebook da TikTok, har cikin ɗakin kwananki. Don haka ki lura. Mai addinin gaskiya zai ƙara miki son iyayenki, ba zai ce ki ɓoye musu abin da yake koya miki ba. Ba zai ce malaminsa ne kaɗai mai gaskiya a duk faɗin ƙasar nan ba. In kin yi tambaya zai amsa ko ya ce bai sani ba, ba zai ce imaninki ne ya yi rauni ba. Duk ranar da kika ji kalmar kafiri ta fi salati yawa a bakin mutum, to ki tattara zanenki.

Wanda kuma ya ce ki bar makaranta don Allah, ki tambaye shi ko ya fi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kishin addini ne. Shehu ya yi kakkausar suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ki riƙe bokonki, ki riƙe islamiyyarki, ki nemi sanin ma'anar abin da kike karantawa.

Ku kuma yayye da iyaye, in yarinya ta zo da baƙuwar magana, kada ku yi irin tawa. Lokacin da Khawarijawa suka ware, Abdullahi ɗan Abbas zuwa ya yi ya zauna da su, ya ce su faɗi abin da ke damunsu, ya warware musu ɗaya bayan ɗaya, da yawansu suka dawo. Ku zaunar da ita, ku saurari kaset ɗin tare, ku kai ta wurin malamin da ya sani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda suka dawo kuma a daina ƙyamarsu, don ƙyama ce ta mai da Auta hannunsu karo na biyu.

Da na karanta mata wannan rubutu kafin in miƙa shi, ta yi shiru can ta ce, "Yaya, ki ƙara musu da cewa har yau ina jin ciwon abin da aka yi wa Baba, kuma ban yi ƙarya ba da na ce an zalunce shi. Hanyar ce na ɓata."

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya bayyana waɗanda ke tsare, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya haɗa ku da mazaje na gari, amin. Mai tambaya ko shawara ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku